Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba: Mu koyi daidaita sautin rediyonmu

Masu karanta wannan fili, musamman iyayenmu mata da 'yan uwa 'yan kasuwa na Madawa da Buza da Keita, yau ina so in taɓo wata magana wadda da yawa za su ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa tana cin kuɗinmu, tana cin kunnuwanmu, wani lokaci har zumunci take taɓawa. Maganar ita ce ta 'yan maɓallan nan da ke jere a gaban rediyoyi da manyan lasifikun da muka cika ɗakuna da shaguna da su, waɗanda masu gyara ke kira ikwalaiza, wato madaidaicin sauti.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne, kwanakin baya wata Hajiya mai sayar da atamfa ta tare ni a bakin kasuwa ranta a ɓace, ta ce, "Ɗana, me ya samu gidan rediyonku ne? Yanzu in kuna magana sai ka ce daga cikin rijiya." Ta ce an yi sanarwar rasuwa, ta ji sunan ƙauyen amma ba ta tantance sunan mamacin ba, sai bayan kwana uku ta samu labarin ashe ƙanin mijin ƙawarta ne, har aka yi mata ƙorafin rashin zuwa gaisuwa. Na ba ta haƙuri, na ce in ta yarda in leƙo gida in ga rediyon. Da na je sai na tarar da sabuwar na'ura ce mai lasifika biyu da wani ƙaton akwati na uku, wadda ɗanta da ke bida a Abijan ya aiko mata. Jikokinta sun tura maɓallan gefen hagu da na gefen dama har ƙarshe, sun danne na tsakiya, kuma an cusa akwatin a lungun ɗaki bayan gado. Ban yi minti biyu ba na maido da maɓallan tsakiya, na jawo akwatin daga lungu, sai ga muryar mai labarai tar-tar. Hajiya ta riƙe baki ta ce, "Ashe laifin a ɗakina yake." Na ce, "Hajiya, ba ke kaɗai ba ce."

Ko shakka babu ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya ratsa tashar motar Madawa, ko ya shiga kasuwar Tunfafi, ko Bangi, ko Karofan, ko Tamaske, zai ji yadda rumfunan cajin waya da na tura waƙoƙi a memori ke gasar girgiza ƙasa. A gidaje ma haka abin yake. Mun iya sayen kaya, amma ba wanda ya zaunar da mu ya gaya mana aikin kowane maɓalli, saboda takardar bayanin da ke cikin kwali da Turanci ko Sinanci take zuwa, mai shagon da ya sayar kuwa shi ma abin da ya sani shi ne ya murɗa har ƙarshe don mai saye ya ji ƙirjinsa na bugawa ya ce kaya sun yi kyau.

To, mene ne wannan madaidaicin sauti? Sauti dai girgizar iska ce. In girgizar tana tafiya a hankali sai a ji amo mai kauri, kamar na tambari ko ganga ko rugugin hadari. In tana da sauri sai a ji siririn amo, kamar na goge ko sarewa ko kukan tsuntsu. Ana ƙidaya girgizar ne a cikin daƙiƙa guda, shi ne ake rubuta Hz. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga kamar girgiza 20 har zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru. Abin da madaidaicin sauti ke yi shi ne ya raba wannan fili kashi-kashi, ya ba kowane kashi maɓallinsa, don a iya ƙara wani a rage wani. Mafi sauƙinsa shi ne mai maɓalli biyu, ɗaya an rubuta BASS, na amo mai kauri, ɗaya TREBLE, na siririn amo. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Peter Baxandall ne ya fito da tsarin da akasarin rediyoyi suka bi tun 1952. Wasu na'urorin suna da na uku a tsakiya, an rubuta MID. Manyan kuwa suna da maɓallai biyar ko goma da ake turawa sama da ƙasa, da lambobi a ƙarƙashinsu kamar 31, 62, 125, 250, 500, 1K, 2K, 4K, 8K da 16K. Harafin K yana nufin dubu. Na hagu su ne masu kauri, na dama sirara, muryar ɗan Adam kuma tana tsakiya. Ko a wayar hannu akwai shi, a inda aka rubuta EQ.

Iyayenmu mata za su fi kowa gane wannan, domin tamkar haɗa miya ne. Gishiri da yaji da daddawa kowa da aikinsa, kuma gwanar girki ba ta juye su duka a tukunya don a ce ta iya. Mai tura BASS har ƙarshe kamar mai zuba tiya guda ta gishiri ne a miyar mutum biyar.

Asara ta farko da muke yi ita ce ta magana kanta. Abin da ke bambanta kalma da kalma, wato haruffa irin su s da sh da ts da t da k, yana zaune ne daga wajen 1,000 zuwa 4,000 da ɗan abin da ya ɗara. Hujja a kan haka ita ce tsohuwar wayar tarho, wadda ba ta ɗaukar komai sai daga 300 zuwa 3,400, amma duk da haka ana fahimtar juna har a ƙulla ciniki. Shi kuwa amo mai kauri in ya yi yawa yana danne na samansa, kamar yadda ƙarar injin niƙa ke haɗiye maganar mai kawo niƙa. Saboda haka wanda ya ɗaga gefe biyu ya danne tsakiya ya kori ainihin inda magana take. Ga mai sauraron kiɗa kawai wannan wasa ne, amma ga ɗan kasuwa ba wasa ba ne. Mai albasa a fadamar Tarka da ke jiran jin farashin buhu, in ya kasa raba talatin da tamanin, ko jika bakwai da jika takwas, to ya san abin da ya rasa. Haka sanarwar rigakafin yara, da cigiyar dabba, da ranar ɗaurin aure, da hasashen damina, da wa'azin safe. A garuruwanmu, inda da yawa daga iyayenmu ba su yi lakwal ba, rediyo shi ne jarida, kuma rediyon da ba a jin maganarsa ba shi da maraba da tukunyar da ba ta da gindi.

Ko kiɗan ma da ake cewa don shi ake yi, cutarsa ake yi. Kiɗanmu na gado magana ce a bisa kiɗa. Wanda ya sa Shata yana son ya ji abin da Shata ke faɗi ne tare da amsawar kalangu. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ƙwaryar Barmani Coge, da goge, da gurmi, da waƙoƙin Ɗan Gurmu na Tawa, duk daɗinsu a tsakiya yake. In ka danne tsakiyar ka bar gindin, sai ka ji dum-dum kawai, mawaƙin yana can nesa kamar an rufe shi a rumbu. Haka in lokacin kokowar takobi ya zo, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, kowa ya kafa kunne don ya ji wa ya kada wa, sai ka tarar ihun fili da ganguna sun rufe mai sharhi, a yi ta tambayar juna wa ya faɗi.

Asara ta biyu ta aljihu ce, kuma nan nake so 'yan kasuwa su buɗe kunne, tunda lissafi sana'arku ce. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, shi ne dB da ake gani a gefen maɓallan, yawanci daga ragin 12 zuwa ƙarin 12. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar wuta ninki biyu a wannan kashi na sautin. Ƙarin 6 ninki huɗu ne, ƙarin 12 kuwa kusan ninki 16. Kuma a cikin dukkan sauti, mai kauri ne ya fi cin wuta, domin shi ne ke tura fatar lasifika gaba da baya da ƙarfi. Wanda ke kan wutar NIGELEC zai ce bai gani ba, amma mutumin ƙauyen Allakai ko Garhanga ko Ibohaman da ke dogara da batir da farantin hasken rana ya san batirinsa ba ya kai shi dare. Mu ma na gari mun ɗanɗana, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 har zuwa farkon 2024, inda kowa ya koyi tattalin caji. Abin takaici, da wuta ta dawo sai darasin ya tafi.

Ba wuta kaɗai ba, na'urar kanta tana mutuwa. In aka nemi ampili ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, sai sautin ya fara fashewa yana ɓararraka. Wannan fashewar tana dumama siririyar wayar da ke naɗe a cikin lasifika har ta ƙone, kuma ƙaramar lasifikar nan ta siririn amo ita ce ke fara tafiya. Ku leƙa rumfar kowane mai gyaran rediyo, za ku ga lasifiku jibge da yagaggiyar fata. Sai mai kaya ya ce an sayar masa da jabu, alhali da hannunsa ya kashe abinsa. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi fashewa za ta yi.

A nan ma sai na ja kunnen masu saye game da wata yaudara. Za ka ga kwali an rubuta masa wat 3,000 ko 5,000 da manyan haruffa, a gefe kuma an sa PMPO da ƙanana. Wannan lamba ta talla ce kawai, kamar tiyar da aka buga wa gindi ciki. Lambar da ake kamawa ita ce wadda aka rubuta RMS. In babu ita, to a juya bayan na'urar a duba wutar da take ci. Na'urar da aka rubuta tana cin wat 30 ba yadda za a yi ta riƙa fitar da dubu, kamar yadda buhu ba ya fitar da abin da ya fi wanda aka zuba masa. 'Yan uwa masu saro kaya daga Ƙonni da Illela da Maraɗi da Kano, ku gaya wa mai saye gaskiya, domin wanda ka gaya wa gaskiya yau shi ne zai kawo maka ɗan uwansa gobe.

Asara ta uku ita ce mafi muni, saboda ba a sayen madadinta a kasuwa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90 awa 4 ne kawai a mako, in kuwa ya kai 100, wanda lasifikun biki ke kaiwa cikin sauƙi, ko rabin awa bai kai ba. Ga yara ma'aunin ya fi ƙasa, desibel 75 ne. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan guda a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro, sannan ta ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don tunatarwa a kan lafiyar kunne. Mugun abin shi ne cutar ba ta zuwa da zafi. Tana farawa ne daga wajen 4,000, daidai inda haruffan magana suke, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma bai gane me aka ce ba, yana ta "Na'am? Me ka ce?" Wani kuma kunnensa ya riƙa yi masa ƙugi in ya kwanta. Yaron da ke wuni a rumfar caji, kansa dab da lasifika tun safe har magariba, kunnensa yake sayarwa da kuɗin da bai kai na abincinsa ba.

Iyayena mata, a nan da ku nake. Sau nawa muke ganin mace da goyo a bayanta ta zauna a gaban lasifikar biki tun la'asar har dare, don nan ne kusa da amarya? Jaririn ba shi da bakin da zai ce ya isa. In ya yi kuka a ce yunwa ce, in ya yi lamo a ce barci ne. Gobe in an sa shi makaranta ya kasa jin malam sai a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa. Don Allah in za a je biki da goyo a zauna nesa, ko a bayan lasifika, ko a bar yaron gida wajen kakarsa.

Na san akwai masu cewa ƙara ita ce ke jawo ciniki, kuma ban ce ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Mai tura waƙoƙi dole a ji kayansa, kuma kasuwa ba masallaci ba ce. Amma a duba da kyau. Ƙara tana tara yara 'yan kallo, mai kuɗi kuwa in ya ga sai ya yi ihu kafin ya tambayi farashi, gaba yake yi. Kuma in ka ƙara naka maƙwabcinka ya ƙara nasa, a ƙarshe ba a jin naka ba a jin nasa, mai tumatir da ke tsakaninku ita ce za ta koma gida da ciwon kai. Wasu samari kuma su ce kuɗinsu ne, ɗakinsu ne. Gaskiya ne, sai dai amo mai kauri ba ya tsayawa a ɗaki. Shi ne ke ratsa bango da rufin kwano ya isa ga mara lafiya da mai jego da tsohon da zai tashi sallar asuba, alhali waƙar kanta ba ta isa gare su, sai bugun kawai. Haƙƙin maƙwabci kuwa kowa ya san matsayinsa a addininmu.

Mu ma'aikatan rediyo ba zan wanke mu ba. Da yawanmu muna manna baki a makirfo don murya ta yi kauri a ce mun iya, muna sa amsa-kuwwa a kan talla har kalma ta hau kan kalma, muna sa kiɗa a ƙarƙashin sanarwa ya fi sanarwar ƙarfi. In mun ɓata daga tushe, ba maɓallin da zai gyara a gida. Wannan gyara namu ne, kuma ya kamata mu fara da kanmu.

To, yaya ake daidaitawa? Na farko, a maido da kowane maɓalli tsakiya, inda aka rubuta 0, in kuwa na'urar mai zaɓi ce a sa ta a NORMAL ko FLAT. Yawancin lokaci wannan kaɗai ya wadatar. Na biyu, kafin a taɓa wani maɓalli a gyara wa lasifika zama. Bango yana ƙara kaurin amo, lungu ya fi ƙarawa, saboda haka a jawo ta kamar kamu ɗaya daga bango, a ɗora ta bisa tebur daidai kunnen wanda ke zaune, ta fuskanci mutane. Kar a ɗora ta kan kabad ɗin kwanoni ko ta jingina da ƙofar kwano, domin su ne ke karkarwa a ce lasifika ta lalace. Na uku, a gwada da muryar da aka sani, kamar mai labaran da ake ji kullum ko makarancin da aka saba da shi, a taɓa maɓalli ɗaya a saurara kafin a taɓa wani. Na huɗu, wanda shi ne babba, a fara da ragewa kafin ƙarawa. In murya ta yi kamar daga cikin tulu, a rage 125 da 250, ko a sassauta BASS. In har yanzu ba ta fito ba, a ɗan ɗaga 2K ko 4K kaɗan, kar ya wuce desibel 3. In ana jin shuu, kamar a tsohon kaset ko tashar da ke nesa, a rage 8K da 16K, ko TREBLE. Na biyar, akwai maɓallin da aka rubuta LOUDNESS ko BASS BOOST. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa kunne ba ya jin mai kauri sosai, shi ya sa aka yi LOUDNESS don mai sauraro a hankali da dare. In an ƙara murya sai a kashe shi, shi da ɗan uwansa. Na shida, ga ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura: in wanda ke tsaye nesa da kai da tsawon hannu sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, to ƙarar ta yi yawa. Sannan lokacin hunturu a riƙa rufe na'ura da ƙyalle in an kashe ta, domin ƙura ce ke sa maɓallai ƙarar-ƙarar in ana murɗa su.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin kasuwanni da na tasoshin mota a Madawa da Buza da Keita da su zauna da masu rumfunan caji da masu tallar magani da lasifika, a yi yarjejeniya a kan iyakar ƙara da lokutan salla, tun kafin abin ya kai ga faɗa ko ga hukuma. Magadan gari da sarakunanmu su sa baki a kan kiɗan biki da ke kaiwa tsakar dare. Masu gyara da masu sayarwa su ɗauki minti biyu su nuna wa mai saye aikin kowane maɓalli. Ma'aikatan lafiya kuma su riƙa sako maganar kunne a cikin nasihar da suke yi wa mata ranar awo. Ku kuma iyaye, yau in an koma gida a duba rediyon ɗaki, in an ga maɓallan gefe a sama na tsakiya a ƙasa, a maido da su layi ɗaya a saurari labaran dare, gobe in mun haɗu a kasuwa a ba ni labari. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kare mana jinmu da ganinmu, amin.